Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Jauro da dattawan unguwarmu kan fim ɗin yaran nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ƙara wa Jauro lafiya. Baba Liman da sauran iyayena na kwamitin unguwa, ina gaishe ku da girmamawa. Ɗanku ne da ya yi shekara 35 yana riƙe da alli a garin nan na Gombe, kuma da yawa cikin 'ya'yanku ta ajina suka bi. Ranar da kuka zauna a zauren Jauro kan maganar fim ɗin nan ina Kumo wajen ta'aziyya, ko da na dawo an riga an shafa fatiha. An ce kun yanke cewa masu gidajen kallo su daina nuna shi, masu tura finafinai a waya su goge shi daga kwamfutocinsu, sannan a kira iyayen yaran da suka yi shi a ja musu kunne, in sun ƙi ji a miƙa su ga hukuma. Na tambayi wanda ya kawo mini labarin, mutum nawa ne a zauren suka kalli fim ɗin? Ya sosa ƙeya ya ce an dai zagaya da wani guntu na minti 2 a waya.

Da a ɗaki maganar ta tsaya, da a ɗaki zan same ku in durƙusa in faɗi tawa. To amma an yi shelar hukuncin da lasifika, an kuma watsa shi a WhatsApp har ya kai Bauchi, shi ya sa na rubuto a fili. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Roƙona dai babban ya ɗaga kai ya duba tukuna.

Ni na kalle shi sau 3. Karon farko da fushi na kalla. Jikana na kama da shi wajen ƙarfe 11 na dare, na karɓe wayar da niyyar gari na wayewa in je in sami wanda ya tura masa. Na ce bari in ga abin da zan kafa hujja da shi. Can sai ga uwargida ta fito ta same ni a tsakar gida ina tari saboda dariya, ta ce, "Malam, lafiya kuwa?"

In ta fuskar aiki ne, fim ɗin abin tausayi ne. Da waya ɗaya aka ɗauke shi, ita ma ta aro. Duk abin da suka kashe ba zai sayi ragon layya mai kyau ba, kuma rabin kuɗin a man janareta da awara ya tafi. A bakin gora suka ɗaura makirufo, har sau biyu ana ganin gorar tana leƙowa ta saman hoto. Bindigar ta katako ce da aka shafa wa baƙin man takalmi, yana zuba a tafin mai riƙe da ita. Jinin kuwa zoɓo ne. Yaron da ya fito a ɗan sanda shi ne kuma mai shayi, gashin baki kawai yake cirewa, kuma akwai inda ya manta bai cire ba. Ana tsakiyar wata magana mai nauyi sai ga akuya ta shigo ta tsaya tana kallon kyamara tana tuƙa, ba su yanke ba, wai batir ya kusa mutuwa.

Wannan gurgun abin ne yaran garin nan suka haddace kamar biyu sau biyu. Ba a nuna shi a Arewa24 ba, ba shi da fosta, babu fuskar da aka sani daga Kano a ciki. Ta Xender ya yi ta tsallakawa daga waya zuwa waya, Jekadafari zuwa Bolari, Pantami zuwa Tudun Wada. Wani tsohon ɗalibina direba ya ce ya ji fasinja suna maimaita maganganunsa a Wunti, can cikin garin Bauchi. Idan aka tashi daga ƙwallo a gidan kallo aka sa shi, 'yan kallo kan riga 'yan wasa faɗin abin da za su faɗa, akuya na shigowa a ɗauki tafi. Akwai wanda ya rantse mini ya kalla sau 20.

Ga labarin, tunda ba ku samu an ba ku shi ba. Jarumin ɗan ƙwacen waya ne, amma matsoraci kuma marar sa'a. Fim ya buɗe yana ƙoƙarin fizge wayar wata mai awara, ta biyo shi da cokalin suya, ya faɗa kwata, silifa ɗaya ya tsinke. Yaronsa da aka bari tsaron hanya, maimakon ya kawo ɗauki, sai ya ciro waya ya tsaya yana ɗauka. Kafin azahar ɗin washegari gari ya ɗauka. Daga nan ɓarawon ya gane cewa abin da yake samu in an kalle shi ya fi abin da yake samu in ya sayar da waya, sai ya koma yin sata don a ɗauka. Duk abin da ya yi, kafin ma ya ruga, sai ya waiwaya ya ce wa yaron, "Ka ɗauka kuwa?" In hoto bai fito ba, a sake. Akwai inda ya miƙa wa wani Alhaji jakarsa ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, rana ta haske mu, ɗan koma can ka sake tahowa." Alhajin ya koma. Kafin ya taho har da gyara zaman hula.

Iyayena, wannan gyaran hular shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Mai shagon shadda ya ɗinka wa ɓarawo kaya kyauta don ya sa a gani. 'Yan mata suna tare shi a hanya a yi hoto. Yaron wani ɗan siyasa ya zo da mota mai baƙin gilashi yana tambayar yara nawa yake da su. Wata Hajiya ta gayyace shi bikin 'yarta, maroƙi ya wasa shi, aka yi masa liƙi har ya rufe ido. Wannan wurin bikin shi ne guntun da aka zagaya muku da shi. Wallahi in ni ma shi kaɗai aka nuna mini, hannuna ne zai fara tashi a zauren.

Sai dai bayansa akwai sauran minti 20. An kama shi, kuma ɗan sandan sai da ya yi hoto da shi kafin ya sa masa ankwa. Yana zaune a bayan kanta yana jiran gari ya girgiza. Shiru. Yaron kyamara ya buɗe nasa shafin, ya samo sabon ɓarawo mai ƙuruciya, jama'a sun koma can. Uwarsa ce kaɗai ta zo da tuwo a kwanon sha. A nan yaran suka yi wayon da ya burge ni: akuyar da ta ɓata musu aiki sai suka shigar da ita cikin labari, ashe ta uwar ce, ta sayar da ita don neman beli. Ya karɓi kwano bai ko buɗe ba, ya ce, "Inna, mutum nawa suka kalla?" Ta kwance bakin zane ta ciro 'yar Nokia mai tocila, ta duba gaba da baya, ta ce ita ba ta ga kowa a ciki ba. Na je gidan kallo takanas don in ga abin da yara ke yi a wannan wurin. Mutum sun fi 60 a rumfar, ba ka jin komai sai ƙarar janareta.

An gaya muku yara sun ɗauki "ka ɗauka kuwa?" suna yawo da ita, kuma gaskiya ne. Amma ku saurari inda suke faɗinta. Wani ya zo da sabon takalmi yana taƙama, a ce masa ka ɗauka kuwa. Wani ya ba almajiri naira 100 yana waige-waige ko an gan shi, a ce masa ka ɗauka kuwa. Rannan faɗa ya kaure a bakin famfo, wani ya ciro waya, sai wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba ta jefa masa ita, aka kwashe da dariya, ya mayar da wayar aljihu ya shiga rabo. Na yi shekaru ina yi wa ɗalibai wa'azin riya da son a sani a filin taron safe, ban taɓa samun maganar da ta kama su kamar wannan ba. Ban ji daɗin faɗin haka ba, amma haka ne.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin cewa akwai ɓarawon zaune, wanda ba ya haura katanga amma shi ke sayen kaya. Abin da yaran nan suka gano shi ne ɓarawon zaune na wannan zamani bai buƙatar ko sisi, ido kawai yake bayarwa da ɗan yatsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma daddawar a nan mu ne. Ba su ne suka ƙirƙiro abin ba. A 1971 da za a harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas, dubban mutane suka yi dafifi kamar ranar hawan salla, shi kuma yana murmushi ana ɗaukarsa hoto. A 1986 ba sunan da ya kai na Lawrence Anini na Benin yawo a jaridu, waɗanda suka kai shekaruna za su tuna yadda muke rububin jarida don jin abin da ya yi jiya. Ramon Abbas da ake kira Hushpuppi yana da mabiya sama da miliyan 2 a Instagram lokacin da aka kama shi a Dubai a 2020, kafin kotun Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11 a 2022. Mabiyan nan ba aljanu ba ne. Na kusa kuma wanda ya fi ciwo: 'yan bindigar daji sun fito a TikTok suna baje kuɗin fansa, mutanenmu suna rubuta musu lambar asusu a ƙasa suna cewa a taimaka. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, kuɗin jinin wani ne, kuma ban ji an kira taro a zauren kowa a kansa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Baba Liman, an ce kai ka ce dariya da ɓarawo ba tarbiyyarmu ba ce. Allah ya gafarta malam, a nan zan ɗan yi maka musu irin na ɗalibi. Da Gizo aka yaye mu. Kakanninmu mata ne suka zaunar da mu a kan tabarma suna ba mu labarin yadda ya cuci Ƙoƙi, ya yaudari kura, ya ci amanar sarki, muna dariya har da hawaye, kuma ba wanda ya tashi yana fatan ɗansa ya zama Gizo. Ni da hannuna na koyar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, littafin da aka buga tun 1934, wanda kusan rabinsa damfara ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma hukumar ilimi ce ta ce a karantar. Gambu na ƙasar Kabi, da ya rasu a 2016, ya yi suna ne da waƙar ɓarayi, wasunku sun saurare shi a kaset suna murmushi, ɗaliban jami'a kuma sun rubuta kundaye a kansa. In azumi ya kai 10 yaranmu kan fito tashe su kwaikwayi tsoho da malami da mai gida, mu ba su hatsi. Al'ummar da ta san tashe ta san cewa akwai gyaran da sai da dariya yake shiga.

Ɗana da ya yi karatun fim a Jos, da na tura masa, cewa ya yi yaran sun faɗa wata tsohuwar hanya ba tare da sun sani ba. Ya ba ni labarin wani Ba'amurke, John Waters, da ya tara abokansa a garinsu Baltimore a 1974 suka yi fim da kimanin dala 25,000, kan wata yarinya da ta gudu daga gida ta zama ɓarauniya, wasu masu gidan gyaran gashi suka riƙa ɗaukar hotonta tana aikata laifi suna gaya mata laifi ado ne. A ƙarshe tana kan kujerar lantarki za a kashe ta, tana jawabin godiya ga masoya kamar wadda aka ba lambar yabo. Ya ce kar in nemi fim ɗin, cike yake da batsar da ba za ta shiga gidan mutumin kirki ba, kuma na bi shawararsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, shekara 50 tsakani, ƙasa daban, addini daban, yaran da ba su taɓa jin sunan mutumin ba sun kai ga tambaya iri ɗaya, kuma sun yi ta ba tare da ko gyale ya zame daga kan mace ba. Ya kuma ce a wata unguwar talakawa ta Kampala, Wakaliga, wani mai suna Isaac Nabwana ya yi fim a 2010 da kuɗin da bai wuce dala 200 ba, yau Turawa na yin takakkiya zuwa Yuganda don ganin inda aka yi shi. Ban ce yaranmu sun kai can ba. Na dai ce ƙarancin kuɗi da makirufo a bakin gora ba su ne ma'aunin shashanci ba.

Kada ku ɗauka ban san abin da kuke tsoro ba. Shekara 2 da suka wuce, bayan magariba, kusa da Tashar Dukku, yaron da bai kai 20 ba ya ɗora mini wuƙa a ciki ya karɓi wayata. Na fi wata ina firgita in babur ya tsaya a bayana. Kuma duk mun san gidajen da aka kai musu gawa saboda wayar da ba ta kai kuɗin buhun masara ba. Wanda ya rasa ɗa a wannan hanya, ba ni da bakin ce masa ya zo ya yi dariya. Amma mu tuna yadda dabar Ƙalare ta yi ƙarfi a garin nan. Tun a rahotonta na 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta keɓe wa Gombe sashe guda kan yadda 'yan siyasa ke ɗaukar matasa bangar zaɓe. Lokacin babu TikTok, babu wayar ɗaukar fim a hannun ɗan talaka. Abin da ya ja yaran can shi ne 'yan canji, da ƙwaya, da suna, a ce wane in ya fito kasuwa sai ta watse. Wa ya riƙa ba su sunan? Mu da muke zama a majalisa muna ba da labarin jarumtarsu muna rage murya. Haka Bauchi ta sha da Sara-suka. Yaran da suka yi fim ɗin nan a cikin wannan hayaƙin suka tashi, biyu daga cikinsu ƙannen waɗanda aka binne ne. Sun ɗauki mutumin da aka koya musu jin tsoronsa da sha'awarsa, suka jefa shi kwata da silifa ɗaya.

Akwai inda nake tare da ku, kuma na faɗa wa yaran a gabansu. Akwai wajen minti 3 da aka nuna yadda ake goge wayar sata da irin wurin da ake kai ta, dalla-dalla kamar darasi. Wannan ba shi da amfani ga labarin, a cire. Akwai ashar guda biyu, a cire. Akwai inda aka yi wa mai i'ina dariya, wannan ma rashin tunani ne, na ce musu wanda Allah ya jarraba ba abin wasa ba ne. Na kuma ga ƙananan yara 'yan shekara 7 da 8 suna kwaikwayon tafiyar ɓarawon, waɗanda ba su kai hankalin gane ƙarshen labarin ba. In kun ce kada a bar ƙananan yara shiga gidan kallo da dare, ko fim ne ko ƙwallo, ni ne na farko da zan ɗauki bulala in tsaya a ƙofa. Na kuma ce musu duk fim ɗin da za a nuna wa jama'a a karɓi kuɗi, akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa tun 1993, su kai a duba a sa masa shekarun masu kallo. Ba su yi gardama ba. Mai ba da umarnin nasu, yaron da ke gyaran fanka a bakin kasuwa, cewa ya yi, "Malam, da ma wani babba ya kalla ya gaya mana haka tun farko."

Batun miƙa su ga hukuma kuwa, ku dubi abin da ya faru da marigayi Rabilu Musa Ibro. Mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasan barkwanci, a 2008 aka kai shi gidan yari a Kano kan wata waƙa a fim ɗinsa. Ni dai ban san da waƙar ba sai da aka ɗaure shi, a makon na je na nemi faifan. Da ya rasu a Disambar 2014, waɗanda suka yi ta kiran finafinansa camama suna daga cikin masu cewa an yi rashi. Ko yanzu ma abin da ke faruwa ke nan. Kafin shelarku naira 50 ake tura fim ɗin a fili, yau 200 ne a bayan shago, kuma mafi yawa guntun bikin nan kaɗai ake nema, wai a ga abin da ya tayar wa dattawa hankali. Ƙarshen da ke sa rumfa yin tsit, shi aka daina kallo.

Abin da nake roƙo, Allah ya ja zamanin Jauro, bai fi minti 70 na lokacinku ba. Ranar Alhamis bayan isha'i zan kawo talabijin da janareta zauren, man ma ni zan saya. Ku kalla daga farko har ƙarshe, yaran su zauna a waje. In an gama kuka ga har yanzu hukuncinku na nan, ku kira su ku faɗa musu da bakinku, ni kuma ba zan sake cewa uffan ba. In kuma kun ga gyara ya isa, ku ba su jerin abin da za su cire, a sake shela da lasifikar da aka yi ta farko.

Akwai mutum ɗaya da ta roƙe ni in nema mata izinin zama daga baya ta wajen ƙofar mata. Ita ce ta fito a uwar ɓarawon, kuma ita ce ta haifi yaron da gaske, Nokiar ma tata ce. Koko da ƙosai take sayarwa da safe. Tun ranar shelar wasu maƙwabta sun daina aiko yara da kwano, rabin kokon take mayarwa gida. Ta ce ita ba ta taɓa kallon fim ɗin ba, wayarta ba ta nuna hoto.

Wassalam.

Ɗanku,
malamin makaranta mai ritaya,
Gombe.